Mu da muka bar ƙungiyar: yaya addu'arku take yanzu?

Maman Biyu:
Salama, 'yan'uwa. Tambaya gare ni ga duk wanda ya zauna a ƙungiyar nan tamu ta Kirista ya fita. Kun san abin da aka ɗora mu a kai: in ka roƙa da bangaskiya ka riga ka samu, saura kawai ya bayyana. In kuwa bai bayyana ba, to matsalar tana wajenka, ko shakka, ko wani zunubi da ka ɓoye, ko bakinka ya furta abin da bai kamata ba. Ni dai na daina zuwa, amma koyarwar ba ta sake ni ba. Har yau in zan ce "ba ni da lafiya" sai gabana ya faɗi. In na durƙusa kuma, maimakon in yi magana da Allah, sai in shiga auna zuciyata: na gaskata sosai kuwa, ko akwai ɗan sauran kokwanto? Kafin in gama aunawa na gaji. Ina so in ji yadda kowa yake ciki. Don Allah ban da ambaton sunan ƙungiyar ko na shugabanni, ba faɗa ya kawo ni ba.

Tsohon Mai Ganga:
Yaya, ba ke kaɗai ba ce. Karin Magana 18:21 ce sandar da aka riƙa dukanmu da ita, cewa rai da mutuwa suna hannun harshe. Zazzaɓi yana kaɗa ni a bayan ganga, in aka tambaye ni sai in ce "ina da ƙarfi". Bayan na fita ne na zauna na karanta Zabura daga farko har ƙarshe, abin da ban taɓa yi ba, don a can ayoyin da aka tsinto mana kawai muke haddacewa. Da na iso Zabura 88 sai na rufe littafin na yi jugum. Mutumin nan kuka yake yi tun daga farko, kuma bai ƙare da nasara ba, da duhu ya ƙare. Da a taronmu ya tashi ya faɗi haka, da an karɓe makirfo daga hannunsa. Ga shi kuwa Allah ya bar ta a cikin Littafinsa. Yanzu yawancin addu'ata ƙorafi ce, kuma ban ga sama ta rufto mini ba.

Uwar Marayu:
Na daɗe ina kallon wannan tambaya kafin in iya rubutu. Maigidana yana da hawan jini, yana shan maganinsa, muna zaune lafiya. A wani kwanan addu'a aka kira masu irin ciwonsa gaba, aka ɗibiya musu hannu, aka ce su karɓi warkarwarsu su yi aiki da ita. Ba wanda ya fito fili ya ce masa ya bar magani, gaskiya zan faɗa. Amma an yi ta wa'azi cewa wanda ya warke ba ya yin abin da mara lafiya yake yi, kuma mutum mai hankali ya san inda maganar ta dosa. Ya ajiye ƙwayoyin. Ya tashi ya ba da shaida, aka yi tafi, aka yi guɗa. Ni ma na yi murna, don na ga yana cin abinci, yana zuwa aiki, ba abin da yake damunsa.

Wata safiya ya faɗi a ɗaki, ɓarin jikinsa ɗaya ya shanye, magana ta ɗauke. Bai tashi daga wannan ba.

Abin da ya raba ni da ƙungiyar ba mutuwar ba ce, kowa zai mutu. Maganar da aka yi mini ce a wajen gaisuwa. Wata daga cikin manyan mata ta riƙe hannuna, da kyakkyawar niyya fa, ta ce, "Ya samu, amma bai riƙe ba." Wani kuma ya ce in bincika ko akwai ƙofar da muka buɗe wa Shaiɗan a gidan. Ke nan mutumin da ya yi biyayya har ya rasa ransa, shi ne kuma mai laifi, ni ma da nake takaba ina da kaso.

Shekara da shekaru ban iya buɗe Littafi Mai Tsarki ba. Da na koma, littafin Ayuba na fara. Sai na ga abokansa Elifaz da Bildad da Zofar irin maganar nan suka yi ta yi masa, cewa wahala ba ta zuwa wa mutum haka kawai. A sura ta 42, aya ta 7, Allah da kansa ya ce ya yi fushi da su domin ba su faɗi gaskiya a kansa ba. Haka a Yahaya 9, almajirai suka tambayi Yesu wa ya yi zunubi har mutumin nan aka haife shi makaho, shi ko iyayensa, ya ce ba ko ɗaya. Ina addu'a yanzu, amma gajeriya. Kuma ba na yarda kowa ya yi wa 'ya'yana bayanin dalilin mutuwar ubansu.

Malamar Jinya:
Mama, Allah ya ƙara miki haƙuri, ya raya abin da ya bari. Bari in ɗora wani abu saboda masu karantawa. Muna cewa jiki magayi, amma a hawan jini jiki ba ya gaya maka komai. Yawancin masu shi ba sa jin alama, jinin yana can yana lahanta jijiyoyin ƙwaƙwalwa da zuciya da ƙoda. Maganin kuma ba kashe cutar yake yi ba, riƙe ta yake yi, in an daina awon ya sake hawa. Saboda haka "ina jin garau" ba shaida ba ce. Wanda ya gaskata an warkar da shi, ya je a auna shi, likita ne zai rage ko ya tsayar da magani. Yesu ma da ya warkar da kutare, aika su ya yi su nuna kansu ga firistoci.

Ni aikina ne ya fitar da ni. Da rana ina ba mutane magani, da dare ina jin ana cewa dogara ga magani ƙarancin bangaskiya ne. Alhali manzo Bulus ya kira Luka ƙaunataccen likita a Kolosiyawa 4:14, kuma ya shawarci Timoti a kan abin da zai sha saboda cikinsa da yawan laulayinsa, bai ce masa ya tsawata wa ciwon ba. Abin nan ba a wajenmu aka fara ba. A jihar Indiyana ta Amurka an yi wani mai wa'azi, Hobart Freeman, da ya koyar da mabiyansa su guji asibiti. Yara sun mutu da cututtukan da ake iya magancewa, an gurfanar da wasu iyaye a kotu, shi kansa ya rasu a 1984 bai yarda an yi masa magani ba.

Mai Bin Diddigi:
Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, mu an ce mana wahayi ne da aka ba shugabanmu kai tsaye. Da na bi sawu sai na tarar koyarwar tana da kakanni. E. W. Kenyon, wani mai wa'azi a Amurka wanda ya rasu a 1948, shi ya shimfiɗa batun cewa abin da ka furta shi kake mallaka, kuma alamun ciwo ba su ne gaskiya ba. Kenneth Hagin, shi ma mai wa'azi a Amurka, ya ba da labari cewa a 1934, yana matashi kwance ba lafiya, ya tashi ta dalilin Markus 11:23-24, inda Yesu ya ce abin da ka roƙa, in ka gaskata ka samu, zai zama naka, kuma a 1974 ya buɗe makarantar Rhema a Oklahoma wadda ɗalibanta suka baza koyarwar a duniya. A 1988 wani mai bincike, D. R. McConnell, ya jera rubutun mutanen biyu gefe da gefe, ya nuna wurare da yawa kusan kalma da kalma ne. Batun "shuka iri" kuwa, wato ka ba da kuɗi domin ka girbi mu'ujiza, wani mai wa'azi, Oral Roberts, ne ya yaɗa shi. Shi Hagin ɗin ma a 2000 ya fitar da littafi yana sukar yadda wasu suka wuce gona da iri a kan kuɗi.

Sanin wannan ya sauke mini tsoro. In koyarwa tana da shekarar da aka fara ta da sunan wanda ya fara, to ina da damar in gwada ta. Na gwada kuwa. Bulus ya roƙa sau 3 a cire masa ƙayar da ke jikinsa, aka ce masa alherin Allah ya ishe shi (2 Korantiyawa 12). Ya bar abokin tafiyarsa Tarofimas a garin Militas ba lafiya (2 Timoti 4:20). Ku gaya mini, Bulus ne mai ƙarancin bangaskiya?

Dattijo:
'Ya'yana, na karanta duka, kuma ban musa ko ɗaya ba. Amma ku yi a hankali. Markus 11 tana nan a Littafi, ba Hagin ya rubuta ta ba. Yakubu 5:14-15 ma tana nan: mara lafiya ya kira dattawan ikilisiya su yi masa addu'a, su shafa masa mai. Ni da idona na ga waɗanda aka yi wa addu'a suka tashi, kuma ba zan ƙaryata abin da na gani ba don wasu sun mai da shi kasuwa. Inda na rabu da ƙungiyar shi ne wajen tilasta wa Allah. Shadrak da Meshak da Abed-nego sun ce wa sarki Nebukadnezzar Allahnsu yana da ikon cetonsu daga wuta, amma ko bai cece su ba, ba za su yi wa gunkin sujada ba. A wajenmu wannan "ko bai yi ba" haramun ce, har an hana mu cewa "in nufinka ne" a addu'a, wai alamar shakka ce. To, Ubangijinmu da bakinsa ya faɗe ta a Gatsemani. Ni har gobe ina zuwa wajen marasa lafiya ina roƙon warkarwa, kuma ina tambayarsu ko sun sha magani.

Tsohuwar Sakatariya:
Baba, ban ja da kai ba, amma akwai abin da ya kamata ka sani game da yadda shaidu suke isa gaban jama'a, don ni nake rubuta sunaye. Kafin a fara sujada muna tace su kamar mai tankaɗe: wanda ya samu aiki, wadda ta haihu, wanda ciwo ya sake shi, su wuce. Wanda ya zo ya ce an yi masa addu'a har yanzu shiru, sai a tura shi ɗakin ba da shawara. Kuma ba mu taɓa komawa bayan wata biyu ko uku mu ga yadda masu shaidar suka ƙare ba. Ba wanda ya zauna ya shirya yaudara, mun ɗauka gina bangaskiyar mutane muke yi. Amma sakamakon shi ne kowa da ke zaune a benci yana zaton shi kaɗai ne addu'arsa ba ta ci ba.

Ɗan Shiru:
Tunda an ce kowa ya faɗi nasa, ni na daina addu'a. Ba fushi nake yi ba, kawai in na buɗe baki ba na jin akwai mai saurare. Na karanta wani bincike da aka buga a 2006 a Amurka, ƙarƙashin likita Herbert Benson, a kan mutum 1,802 da aka yi wa tiyatar zuciya. Waɗanda aka yi wa addu'a da waɗanda ba a yi wa ba, matsalolin bayan tiyata kusan ɗaya ne, kashi 52 da kashi 51 cikin 100. Waɗanda aka tabbatar musu ana yi musu addu'a kuwa, kashi 59. Ban ce wannan ya kashe magana ba, amma ya zauna mini a rai.

Dattijo:
Ɗana, na gode da ba ka ɓoye ba. Binciken nan ya gwada addu'a ne kamar yadda ƙungiyarmu ta ɗauke ta, wato abu da in ka yi dole sakamako ya fito, kuma ban yi mamakin faɗuwarta ba. Ba zan matsa maka ba. In ka yarda dai, ni zan riƙa ambaton ka.

Ɗan Shiru:
Na yarda, Baba. Amma kada ka dawo ka tambaye ni ko ta yi aiki.

Ƙanwar Kowa:
Ni tawa matsalar ta yau ce. Mahaifiyata tana ciki har yanzu. Ta ji wani ƙullutu a nononta, ni kaɗai ta gaya wa, kuma ta hana ni kiran abin da sunansa. In na kawo mata ayoyi sai ta ce fitar da na yi ce take magana a bakina. Yaya zan yi?

Malamar Jinya:
Ƙanwata, bar ayoyin tukuna, gardamar tauhidi ba za ki ci ta a mako guda ba, kuma jinkiri ne abin gudu a nan. Yawancin ƙullutun nono ba daji ba ne, amma sai an duba ake sani, wanda aka kama da wuri kuma ya fi sauƙin magani nesa ba kusa ba. Kada ki ce mata ta bar addu'a, kada ki taɓa shugabanta. Ki ce mata hankalinki ne ba a kwance ba, ta taimake ki ta je a duba saboda ke. Ki sa rana, ki raka ta da kanki, in tana so ku yi addu'a tare a bakin ƙofar asibitin. In akwai wata babbar mace da take jin maganarta, a ciki ko a waje, ki nemi izininta ki shigo da ita.

Uwar Marayu:
'Yata, in ta ƙi, ki ba ta labarina, na ba ki izini. Ki ce mata matar da mijinta ya ba da shaida ce ta aiko ki.