Bayan cire tayoyin run-flat: shawarwarin direbobi da masu faci a Birnin Kebbi

Da yawa daga cikin BMW da Mercedes da ake shigowa da su suna zuwa da tayoyin run-flat, waɗanda ko sun sace za su kai ka kimanin kilomita 80, in ba ka wuce gudun kilomita 80 a awa ba. Shi ya sa ba a sa musu safaya, wasu ko jak babu. Tsada da taurin tayoyin kan sa mutane komawa taya ta gama-gari, su manta but ɗin fayau yake.

Duk direbobi da masu facin da suka tofa albarkacin bakinsu kan abin da ya kamata a ajiye a mota bayan canjin sun haɗu kan abu ɗaya: a nemi safaya, a gwada ta a jikin motar tun a gida, domin ramukan noti sun bambanta. A haɗa da jak, sifana, fitila da guntun katako mai kauri. Katakon nan na fi jaddadawa: a gefen hanyar Jega zuwa Yawuri, jak nutsewa yake cikin yashi.

An yi saɓani kan ruwan liƙi na gwangwani da ake ɗurawa cikin taya don toshe huji. Masu faci ba sa son sa, sun ce yana ɓata cikin taya da na'urar auna iska. Sun fi yarda da igiyar faci da ƙaramin famfo mai aiki da batirin mota, amma fa ramin ƙusa kawai suke toshewa. In gefen taya ya tsage, sai safaya.

Ita ma safayar a riƙa duba iskarta duk wata. In siririyar safayar nan ce ta wucin gadi, tana son iska kusan 60 psi a ma'aunin iskar taya.