Neman kalma: virtualisation da Hausa, kafin shirin gobe

Ƴar Ali Dan Sofo
Salamu alaikum iyayena da yayyena. Gobe Alhamis bayan la'asar zan ɗauki shirin kimiyya a rediyo. Baƙona injiniya ne mai kula da ɗakin uwayen garke (manyan kwamfutocin da ke yi wa sauran hidima) na wata ma'aikata, da Faransanci ya yi karatu. Kalmar da ta tsaya mini a wuya ita ce virtualisation. Ya ce a da injin albashi daban, na saƙonni daban, na ajiyar takardu daban, kowanne na shan wuta yana fidda zafi, alhali mafi yawan yini zaune yake ba aiki. Yanzu duk sun koma cikin ƙarfe guda, amma kowanne na ganin kansa kwamfuta ce cikakkiya. Me zan ce wa mai saurare a Tibiri ko Madarunfa?

Mushen Lissafi
Wa alaikumus salam ƙanwata. Kwamfutar kwaikwayo. Aikin kuma kwaikwayon na'ura.

Mai Gyaran Ordinatar
Mushe, a yi haƙuri, kwaikwayo na da mai shi. Shi ne in inji yana kwaikwayon wani da ba jinsinsu ɗaya ba, sai an fassara masa kowane umarni, shi ya sa yake jan ƙafa. Nan kuwa umarnin na gudana ne kan ƙwaƙwalwar injin ta gaske. Kamfanonin da ke ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta, Intel a 2005 da AMD a 2006, sun saka abin da ke taimaka wa wannan a cikin ƙwaƙwalwar kanta. In muka ba da kwaikwayo yau, gobe me za mu kira wancan?

Baba Malam
Ɗiyata, kada ki wahala, kalmar na nan tun kaka da kakanni: kawalwainiya. Abin da ido ka gani, hannu bai taɓawa. Ki ce kwamfutar kawalwainiya, aikin kuma kawalwantarwa. Na daɗe ina rubuta ta haka cikin takarduna.

Ƴar Ali Dan Sofo
Baba, kalmar ta yi mini daɗi a baki ƙwarai. Tsorona ɗaya: kawalwainiya ba ta kashe ƙishirwa. Wannan kuwa ita ke fidda albashin mutane a ƙarshen wata. Kada mai saurare ya ɗauka yaudara ce.

Ɗan Sabon Gari
Ku daina wahalar da kanku. Ɗaliban da na zauna da su a Kano bacuwal kawai suke cewa, kowa ya gane. Mun karɓi kwamfuta, mun karɓi intanet, sama ba ta faɗo ba.

Baba Malam
Kai yaro, bacuwal Ingilishi na, mu nan wa ya san shi? Yaranmu na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo birtuwel suka cewa. To wanne za mu ara, na Ingila ko na Faransa? Kullum sai an toya a Kano a aiko muna, kamar mu Katsinawan Maradi ba da Hausa anka yi muna huɗuba ba.

Ɗan Sabon Gari
Baba, ban raina Hausarmu ba. Amma littattafan da jaridun daga can suke zuwa. Ko uwar garken da ƙanwata ta rubuta ba a Maradi aka ƙirƙiro ta ba, kuma ba wanda ya yi ƙorafi.

Baba Malam
Don Hausa ta, ko daga ina ta hito. Bacuwal ba Hausa ba ta. Mu da mu ka rubuta ƴ da ƙugiyarta ba za a koya muna tattalin harshe ba.

Mushen Lissafi
Baba, Allah ya huci zuciyarka. Yarinyar nan gobe take shiga ɗakin ɗauka, mu koma kan buƙatarta.

Jikan Fatake
Ni daga kasuwa zan ɗauko tawa. Kakana fatoma ne. Falke ya zo daga nesa, shi ke ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya auna wa kowa rabonsa, kuma baƙon wannan ɗaki ba ya leƙa kayan na wancan. Masu abin da kansu mai masauki da baƙo suke kiran injin da abin da ke cikinsa, a Faransancin da Ingilishin duka. To mu ce ƙarfen shi ne masauki, kowace kwamfuta ta ciki baƙuwa ce, manhajar da ke raba musu ƙwaƙwalwa da ma'ajiya ita ce fatoma.

Mai Gyaran Ordinatar
Wannan ta zauna. Fatoman ma iri-iri ne: ESX na VMware ya fito a 2001, Xen daga Jami'ar Kambirij a 2003, KVM ya shiga Linux a 2007, Hyper-V na Microsoft a 2008. Dabarar ta girme su duka, IBM ta fitar da VM/370 tun 1972. Abin da ya fi burge ni, kalmar na ɗaukar har ƙaura. In masauki guda na buƙatar gyara, fatoma zai iya mai da baƙuwa wani masaukin tana cikin aikinta, masu amfani da ita ba su ma sani ba. Ta kuma ɗauki haɗarin: in masaukin ya mutu ba wani a gefe, baƙin duka sun kwana waje. Ki tambayi baƙonki wannan, da zancen injin wuta da sanyaya ɗaki a zafin watan Afrilu.

Ɗan Sabon Gari
Ƴan shekara ashirin nawa suka san fatoma? Sai kin fassara fassarar.

Ƴar Ali Dan Sofo
Yaya, jimla ɗaya ta isa, kuma dattawan da ke saurare za su ji an zo gidansu. Saura ɓangare na biyu: ya ce ma'aikatan ma ba kwamfuta ce a teburinsu ba, ɗan akwati ne da allo, aikin duk yana can ɗakin uwayen garke.

Mushen Lissafi
Teburin aro?

Mai Gyaran Ordinatar
Aro ana mayarwa. Wannan nasa ne, duk akwatin da ya zauna gabansa ya saka kalmar sirri zai tarar da takardunsa yadda ya bar su. In layi ya yanke kuma, allo ya tsaya. Ban da suna mai kyau tukuna.

Baba Malam
Fatoma na yarda da ita, tamu ta. Baƙuwa ma ba laihi. Amma har yanzu ba ku ba ni sunan aikin kansa ba, kuma saukar baƙi ba ya shiga ƙamus. Ni dai kawalwantarwa zan ci gaba da rubutawa.

Ƴar Ali Dan Sofo
Na gode Baba, na gode kowa. Gobe zan ce masauki, baƙuwar kwamfuta da fatoma. Sunan aikin zan faɗe shi da Faransanci sau ɗaya, sannan in ce raba inji guda ya sauki kwamfutoci da yawa. Na teburin zan bayyana shi da jimla. In wani ya samo masa suna kafin azahar, ya rubuto nan, zan duba kafin in fita.