Neman shawara: maƙwabciyata a Yogyakarta bayan jinyar sankarar bakin mahaifa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Karatun maigidana ne ya kawo mu Yogyakarta a Indunisiya, kuma ina da maƙwabciya, uwar 'ya'ya uku, wadda aka gama yi wa gashi (ƙona sankarar da hasken na'ura) da ƙarin ruwan kimo (maganin kashe ƙwayoyin sankara) wata biyar da suka wuce. Jiya muna tsinke alayyafo a ƙofar kicin ɗinta, sai ta sunkuyar da kai ta ce tun da aka sallame ta mijinta yake kwana a falo, domin yana tsoron kada ya ɗauki cutar ko ya dawo mata da ita, ita kuma sau ɗaya da suka gwada zafi ya hana ta. Kunya ta hana ta tambayar likita, alhali nan ƙasa ce da ake samun mata sama da 36,000 da wannan cuta duk shekara. Me zan ce mata?

Amsa daga wata ma'aikaciyar jinya:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Sankara ba ta yaɗuwa ta hanyar saduwa, saduwa ba ta tayar da ita, kuma gashin ba ya barin wani abu a jikinta da zai cutar da mijin. Abin da gashin yake yi shi ne ya tsayar da aikin ƙwayayen haihuwa, haila ta ɗauke da wuri, gaba ya bushe, sannan tabo ya sa ya tsuke. Shi ya sa likitoci ke ba da wani ɗan bututu mai santsi da ake sakawa a kai a kai domin hanyar ta buɗe, tare da man shafawa mai ruwa. Ta nemi duka biyun ranar da za ta koma asibiti, kuma idan ta ga jini ko ruwa mai wari, kada ta jira ranar. Ina roƙonki, kada ki ba ta kayan mata na matsi. Fatar wurin ta yi laushi ƙwarai.

Amsa daga wata uwa:
'Yata, mijin nan tsoro ne ya kama shi, ban ga alamar ƙiyayya ba. Ki ba ta shawara su je asibitin tare, ya ji daga bakin likita da kunnensa. Idan tana jin nauyin namiji, ta fara da ungozomar unguwarsu, wadda suke kira bidan. Kafin nan, ya dawo ɗaki ko da hira ce kawai za su riƙa yi.