Lasisin aikin jinya a jihohin Amurka: yadda muka samu da yadda muke sabuntawa

Sabuwar zuwa, Ohayo

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Na yi karatun jinya a Najeriya, ina da rajista da Hukumar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta ƙasa, kuma na yi aiki a sashen yara na wani asibitin gwamnati kafin na biyo maigidana birnin Kolambus. Ina so in koma bakin aikina, amma kowa na tambaya sai ya ba ni amsa dabam: wani ya ce in fara da jarrabawa, wani ya ce in fara da tantance takardu, wani kuma ya ce in nemi lasisin Niyok tukuna domin ya fi sauƙi. Akwai yiwuwar aikin maigidan zai mayar da mu Teksas nan gaba. Ina roƙon waɗanda suka bi wannan hanya su gaya mini yadda ta kasance musu, har da batun sabuntawa.

Anti mai aikin dare, Teksas

Wa'alaikumus salam, ƙanwata, barka da zuwa. Dalilin da ya sa amsoshin suka sha bamban shi ne babu wani abu wai shi lasisin Amurka. Kowace jiha tana da hukumarta ta ma'aikatan jinya da nata sharuɗɗan, jarrabawar NCLEX, wato jarrabawar samun lasisin jinya, ita ce kawai ta haɗa su, don haka duk wanda ya ba ki shawara, ki fara tambayarsa a wace jiha ya samu nasa lasisin.

Ni ga yadda na bi. Na buɗe fayil a hukumar Teksas, sannan na nemi rahoton tantance karatu daga CGFNS, cibiyar tantance takardun nas-nas da suka yi karatu a ƙasashen waje, da ke Filadelfiya. A nan ne ake gwada haƙurin mutum, domin ba a karɓar takarda daga hannunki: makarantar da kika yi ita za ta aika da bayanin darussa da adadin awannin aji da na asibiti kai tsaye, hukumar gida kuma ta aika da shaidar cewa lasisinki na gaskiya ne. Makarantata ta riƙe fom ɗin wata da watanni a kan teburin wani jami'i, sai da ƙanina ya riƙa zarya yana zama a bakin ofishin kafin aka buga hatimi aka rufe ambulan. Bayan haka aka ɗauki hoton yatsuna domin binciken laifi, na kuma zana jarrabawar dokokin aikin jinya ta Teksas, wadda ake yi ta intanet, tambaya 50, ana neman kashi 75 cikin ɗari. Sai da duk wannan ya kammala na samu izinin zama NCLEX bayan na biya Pearson VUE, kamfanin da ke gudanar da jarrabawar, dala 200.

Ita kanta jarrabawar, tun daga Afrilun 2023 da aka sauya mata fasali, tana tsayawa ne tsakanin tambaya 85 zuwa 150 cikin awa biyar, kuma kwamfuta ce ke yanke inda za ta tsaya gwargwadon amsoshinki. Wadda ba ta ci ba sai ta jira kwana 45 kafin ta sake. Ba haddar littafi take nema ba. Abin da take so shi ne a ga wane majinyaci za ki fara dubawa cikin huɗu, da wane aiki ya halatta ki miƙa wa mataimakiya. Wannan na biyun shi ya fi ba mu wahala, mu da muka saba nas ɗaya ta yi komai a ɗakin da ke cike da gadaje.

Malam nas, Bronx

Anti ta yi bayani mai kyau. Ni a Gana na yi karatu, kuma ta Niyok na shiga. Masu cewa ta fi sauƙi suna nufin abu guda ne: ana iya neman lasisinta tun mutum yana gida, shi ya sa da yawa daga cikinmu suka zana jarrabawar a Johannesburg ko Landan, da ƙarin dala 150 na zama a ƙasar waje. A Niyok ma'aikatar ilimi ta jiha ce ke ba da lasisi, kuma tana buƙatar kwas biyu kafin ta bayar, na kariya daga yaɗuwar cuta da na gane alamun cin zarafin yara. Lasisin ba ya mutuwa, amma rajistar da ke ba ka damar aiki da shi ana sabunta ta duk shekara uku, kwas ɗin kariya daga cuta kuma duk shekara huɗu. Abin da masu tallar sauƙin ba sa faɗa shi ne dokar da aka sa wa hannu a Disambar 2017, wadda ta wajabta wa sababbin nas-nas samun digiri na farko a fannin jinya cikin shekara goma da karɓar lasisi. Mai difloma daga makarantar jinya ta gida ya kamata ya sa wannan a lissafinsa tun ranar farko.

Sabuwar zuwa, Ohayo

Na gode, Anti, na gode, Malam, Allah ya saka da alheri. Akwai abin da ke damuna. A takardun makaranta an rubuta sunan mahaifina Mohammed, a fasfo kuma Muhammad, sannan lasisina na gida yana ɗauke da sunan garinmu a ƙarshe, wanda babu shi a fasfo. Shin wannan zai kawo cikas?

Hajiya, Kalifoniya

Zai kawo, 'yata, kuma gara ki tare shi tun kafin ki biya ko sisi. Su a wurinsu harafi ɗaya ya isa ya mayar da ke mutum biyu. Ki yi takardar rantsuwa da ke nuna duk sunayen naki ne, ki haɗa da takardar aure idan sunan ya sauya bayan aure, sannan ki tabbatar sunan da kika yi rajistar NCLEX da shi ya yi daidai da na katin shaidar da za ki nuna ranar jarrabawa. Na ga wata baiwar Allah da aka juyo daga bakin ƙofar cibiyar jarrabawa saboda wannan, tana riƙe da fasfonta tana kuka, kuɗinta kuma ya tafi.

Game da bi ta Niyok, ni ban goyi baya ba ga wadda ta riga ta iso kuma tana da takardun zama. Lasisin wata jiha ba ya goge sharuɗɗan jihar da kike son komawa. Lokacin da na nemi a mayar da nawa Kalifoniya, sai aka sake buɗe takardun makarantata tun daga farko, domin jihar tana duba ko an yi darasin aji da aikin asibiti na kowane fanni a lokaci guda. Aka ce da saura a fannin lafiyar ƙwaƙwalwa, dole na koma kwaleji na cike gurbin, ina uwar 'ya'ya a tsakiyar yara sa'annin ɗiyata. Ki nema a jihar da kike zaune. Sabuntawa a nan duk shekara biyu ce, da awa 30 na ƙaro ilimi.

'Yar'uwarki a Kolambus

Tunda gari ɗaya muke, bari in faɗi namu. A Ohayo ba a bin ranar haihuwa: duk nas mai rajista tana sabuntawa ne a shekarun mara, irin su 2023 da 2025, kuma wa'adin yana cika ranar 31 ga Oktoba. Ana buƙatar awa 24 na ƙaro ilimi, ɗaya daga ciki kan dokokin jinya na jihar. Ba a tambayar takardun kwas lokacin sabuntawa, tabbatarwa kawai kike yi cewa kin yi, amma ana zaɓen mutane a bincika, don haka ina da jaka guda a kabad da nake zuba kowace takardar kwas a ciki.

Wata abokiyar aikina ta je gida jinyar mahaifiyarta, saƙon tunatarwa kuma yana zuwa wani tsohon adireshin imel da ta daina buɗewa. Ta dawo ranar farko ta Nuwamba, ta sa kayan aiki, tana isowa shugabar sashe ta tare ta a bakin ɗakin magani ta ce ta koma gida, domin aiki da mataccen lasisi ko na awa ɗaya laifi ne a kanta da kan asibitin. Ta yi makonni ba albashi kafin a farfaɗo mata da shi. Tun daga nan duk muka yi rajista da tsarin tunatarwa na Nursys, rumbun bayanan lasisin nas-nas na jihohin Amurka, wanda kyauta ne, yana kuma turo saƙo idan wa'adi ya gabato.

Anti mai aikin dare, Teksas

Mu a Teksas watan haihuwa ake bi, duk shekara biyu, da awa 20 na kwas. Wadda aka haifa a shekarar cika tana sabuntawa a shekarar cika, ta mara kuma a ta mara. Saboda haka lasisin farko ba ya cika shekara biyu daidai, yana iya zama wata 6 ko ya kai 29. Mu da aka rubuta mana 1 ga Janairu a takardar rantsuwar shekaru, kuma muna da yawa, namu wa'adin yana faɗowa daidai lokacin da aljihu ya bushe. Ana so a adana takardun kwas na shekara shida.

Ina kuma gargaɗinki da masu cewa za su haɗa miki takardu ta gajeriyar hanya. A Janairun 2023 hukumomin tarayya suka bankaɗo wasu makarantu a Fulorida da suka sayar da takardun bogi sama da 7,600, kuma jihohi suka bi sunayen ɗaya bayan ɗaya suna ƙwace lasisi, har na waɗanda suka ci NCLEX da ƙoƙarinsu.

Yaya mai aikin kwantiragi, Jojiya

Batun komawarku Teksas shi ya sa na sa baki. Akwai yarjejeniya tsakanin jihohi sama da 40 da ke ba nas damar aiki a dukansu da lasisi guda. Ohayo ta fara aiki da ita a Janairun 2023, Teksas tana ciki tun da daɗewa, Niyok da Kalifoniya kuwa ba su shiga ba. Ni da lasisin Jojiya na yi kwantiragi a jihohi maƙwabta ba tare da na cike sabon fom ba. Sai dai lasisin yana bin jihar da take gidanka ne a hukumance, wato inda kake biyan haraji kake da lasisin tuƙi. Ranar da kuka tare a Teksas, dokar da ta fara aiki a Janairun 2024 ta ba ki kwana 60 ki nemi lasisin can, kuma Nursys za ta aika da shaidar na Ohayo a kan dala 30. Lokacin cike fom ki zaɓi lasisin jihohi da yawa da kanki, domin ba kowace jiha ke bayar da shi ba tare da an nema ba.

Hajiya, Kalifoniya

Saura abu guda da ba a taɓo ba, 'yata: lasisinki na gida. Hukumar Najeriya tana sabunta shi duk shekara uku, bayan an halarci kwas ɗin ƙaro ilimi na dole, kuma daga wurinta shaidar rajistarki za ta fito duk lokacin da wata jiha ta nema. A Fabrairun 2024 ta fitar da sababbin sharuɗɗan tantancewa, ciki har da shekara biyu na aiki bayan samun lasisin dindindin, abin da ya sa ma'aikatan jinya suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas. Ki duba ranar da naki zai ƙare yau ɗin nan, idan ya kusa ki sabunta shi kafin ki buɗe fayil ɗin tantance takardu, ki kuma samu wani tsayayye a gida da zai bi miki fom ɗin makaranta da ƙafarsa.