Laushin garin kok da ingancin girafait: me ya haɗa su?

Ɗalibin Injiniya: Assalamu alaikum. Tambayata kan girafait na masana'anta ce (nau'in kabon mai jure zafi da wuce da lantarki), wanda ake haɗawa da kok ɗin man fetur (baƙin gawayin da ke saura bayan tace mai) da kwalta. Me ya sa ake niƙa kok ɗin luƙui don wasu kayayyaki, amma sandunan lantarki na tanderun narka ƙarfe a bar musu shi tsaki-tsaki? Ashe ba mai laushin ne ya fi ba?

Injiniyan Tanderu: Wa alaikumus salam. Kowanne da aikinsa, ɗan'uwa. Idan ƙwayar kok ɗin ba ta kai maikiron 20 ba (maikiron dubu ne milimita ɗaya), ramukan da ke cikin girafait ɗin ma ƙanana suke fitowa, ita kuwa tsaga daga babban rami take somawa. Shi ya sa mai laushi da aka matse ta kowane ɓangare yake jure lanƙwasa MPa 40 zuwa sama (MPa ma'aunin ƙarfin matsi ne), fuskarsa kuma sumul idan an sassaƙa. Sandar tanderu mai ƙwayar milimita da yawa da ƙyar take wuce MPa 15. Amma ita zafi ke hawanta farat ɗaya, ya sauka farat ɗaya, a nan kuwa manyan ƙwayoyi da ramukansu ne ke tare tsagar kafin ta ratsa sandar.

Malamar Kimiyya: Injiniya ya yi daidai, sai dai wahalar mai laushi a wurin gashi take. Gari luƙui ya fi shan kwalta, domin dole ta lulluɓe kowace ƙwaya. Idan aka ɗora zafi zuwa wajen digiri 1000 na Salsiyas, sama da kashi ɗaya cikin uku na kwaltar ke fita a hayaƙi, galibi tsakanin 300 da 500. Idan curin kok da kwaltar a tsuke yake, hayaƙin ba shi da mafita, sai ya kumbura shi ko ya tsaga shi ta ciki, ba a gani sai an yanka. Maganinsa a ja zafin a hankali, digiri kaɗan a awa a wannan tsakanin, ko da gashin zai ci makonni. Kada kuma a rage kwalta don gudun haka, curin zai riƙa marmashewa.

Mai Kula da Niƙa: A aikace ba girma ɗaya ake zubawa ba. Ana tankaɗewa da rariya kashi uku ko huɗu, a auna kowanne, ƙanana su cike tsakanin manya. Duk da haka nauyin yakan tsaya a giram 1.6 zuwa 1.9 a kowace santimita kubik, alhali girafait marar rami 2.26 ne. Don haka ake ɗura masa kwalta a sake gasawa kafin a kai shi digiri 2500 zuwa 3000, inda yake zama girafait. A kula da kok mai siffar allura: tsawon ƙwayarsa ne ke sa ta jeru a tsayin sandar, lantarki ya wuce da sauƙi. Idan aka cika niƙa shi, an yi asarar wannan.