Neman shawara: jini ya daskare min a ƙwaƙwalwa, ga kuma ƙari a mahaifa

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, ina roƙon a sakaya sunana. Shekarata 37, 'ya'yana biyu mata, kuma tun bayan haihuwar ƙaramar al'adata ta rikice, har hoto ya nuna ina da ƙari a mahaifa. Jinin yana zuba da gudaji, audugar mata ba ta riƙe shi sai na haɗa da tsumma. Uwar mijina, da muke gida ɗaya, ta kafe a kan sammu ne, danginsa kuma ba su da zance sai na ɗa namiji, duk suna ko bikin da na je sai an yi min habaici, shi kuwa maigidan bai taɓa cewa uffan ba. A watan jiya ciwon kai mai tsanani ya sa ni gaba, ina gani dishi-dishi, wata rana ina tuƙin tuwo muciya ta suɓuce daga hannuna, sai farkawa na yi a asibiti, aka ce jijjiga na yi. Hoto ya nuna jini ya daskare a jijiyar da ke dawo da jini daga ƙwaƙwalwa. An ɗora ni a kan maganin tsinka jini, hannun ya fara dawowa, amma zubar ta ninka, likitan mata kuma ya ambaci cire mahaifa. In daina maganin ne, ko yaya zan yi?

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam. 'Yata, ki bari a cire, babu wani dogon nazari a nan. Ni aka cire wa tawa, kuma tun daga ranar ban sake sanin jiri ba. Macen da ɓarin jikinta ya shanye wa zai yi mata zancen ɗa namiji?

Anti mai aikin jinya: Ƙanwata, Allah Ya ba ki lafiya. Kada ki daina maganin da kanki ko na kwana ɗaya, domin gudan jinin yana iya ƙaruwa, kuma irin wannan akan sha maganin wata 3 zuwa 12. Ciwon naki biyu suna da alaƙa: yawan zubar jini yana ƙarar da sinadarin ƙarfe a jiki, ƙarancin jini irin wannan kuwa yana cikin abubuwan da aka danganta da daskarewar jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Amma ba ki faɗa mana awon yawan jininki (hemoglobin) ba, wanda bai kamata ya gaza 12 ga macen da ba ta da ciki ba, kuma ba ki ce ko kina shan wani abu don tsayar da zubar ba.

Mai tambaya: Anti, ƙwayoyin tazarar haihuwa nake saye a kemis, wata maƙwabciya ta ce suna rage jinin, kuma sun rage. Ban ga dalilin faɗa wa likita ba, tunda mata da yawa suna sha lafiya lau.

Anti mai aikin jinya: Wannan ne abu na farko da ya kamata likita ya ji. Ƙwayar tazarar haihuwa da ke ɗauke da sinadarin istirojin tana ƙara haɗarin daskarewar jini sosai, kuma wadda ta taɓa samun irin naki ba a sake ba ta. Ki daina shan ƙwayoyin, ki kai masa kwalin gobe. Ki tambaye shi zancen robar mahaifa mai sakin sinadarin da ke rage zuba, da ƙarin sinadarin ƙarfe, da kuma tiyatar da ake cire ƙarin kaɗai a bar mahaifar, in girmansa da wurinsa sun ba da dama. In maganin tsinka jinin da kike sha wafarin ne, kada ki ɗauki ciki a kansa, yana yi wa ɗan tayi illa.

Maman 'yan biyu: Ni dai likitocin nan sun ishe ni. Yayata sai da aka yi ta tura ta daga wannan sashe zuwa wancan, kowa na cewa ba nasa ba ne, har kuɗin gonar da aka sayar suka ƙare a gwaje-gwaje. Ki haɗa da na Hausa, an ce akwai masu narkar da ƙari.

Hajiya Babba: Babu jiƙon da ke narkar da shi, kuma cire ƙarin kaɗai ɓata lokaci ne, yana iya sake tsirowa. Na ga mata da yawa an yanka su sau biyu. A cire gaba ɗaya, shi ne magana.

Mai tambaya: Hajiya, ke kin gama haihuwarki kafin a cire miki, ni kuwa ba ku san zaman da nake yi a gidan nan ba. Kuma ba don ƙwayoyin ba, da ko kasuwa ban iya zuwa, ba zan ce sun cuce ni ba. Maigidan ma bai san an yi zancen tiyata ba.

Anti mai aikin jinya: To, yanzu dai kin daina shan su ko kuwa?

Maman 'yan biyu: Ki fara faɗa wa mahaifiyarki kafin shi.