'Yata mai shekara 6 ta ce tana so ta karɓi Yesu: in yi addu'ar da ita ko in dakata?

Uwar Biyu:

Salama a gare ku, 'yan'uwa cikin Ubangiji. Ina neman shawarar iyaye da malaman da suka riga ni ganin irin wannan rana. Shekaranjiya da dare, bayan mun gama sujadar iyali na kai 'yata ta fari ta kwanta, sai ta riƙe mini hannu ta ce tana so Yesu ya shiga zuciyarta, domin ta ji an ce wanda bai karɓe shi ba, ba zai shiga sama ba. Kafin in ba ta amsa ta dafa ƙirjinta ta tambaye ni ko shigar za ta yi zafi. Na danne dariyata, na ce mata za mu yi maganar a tsanake, amma a daren barci sai dai ɓarawo.

Abin da ke damuna shi ne, ni kaina na maimaita addu'ar tuba har sau huɗu tun ina yarinya, kowane karo ina shakkar ko ta baya ta karɓu, kuma ba na so in gadar mata da wannan zullumi. To amma ina tsoron in ce mata ta yi ƙanƙanta, in kashe abin da Allah ya soma. Yaya zan yi?

Malamin Lahadi:

'Yar'uwa, kin yi daidai da ba ki yi gaggawa ba, sai dai kada dakatawar ta zama korar yarinyar. A Markus 10:13-16 almajirai ne suka tsawata wa masu kawo yara, Yesu kuwa ya ji haushinsu, ya ce a bar yaran su zo wurinsa, har ya ɗora da cewa babba ne zai karɓi Mulkin Allah kamar ƙaramin yaro. Saboda haka shekara 6 ba ta hana bangaskiya.

Shawarata ita ce ki ajiye maganar shiga zuciya tukuna. Yaro mai waɗannan shekaru yakan ɗauki magana yadda ta fito daga baki, tambayarta game da zafi kuma ta nuna miki hakan. Mu manya mun saba da kalmar har mun manta kwatanci ce. Ki gaya mata abin da ya faru da gaske: Allah ne ya yi ta, yana kuma ƙaunarta, ƙaryar da take yi da ƙin jin magana laifi ne a gabansa, Yesu ya mutu a kan gicciye domin wannan laifi, ya tashi a rana ta uku, yana gafarta wa duk wanda ya dogara gare shi. Bayan haka ki yi mata tambayoyin da “i” ko “a'a” ba za su amsa ba, domin yaro mai son farin cikin uwarsa zai ce “i” ga kusan kome. Ki ce ta faɗa miki da bakinta dalilin mutuwar Yesu, ki kuma saurara ko ta san laifin kanta, ko na ƙanenta kaɗai ta sani.

Labarin Sama'ila yakan taimake ni. 1 Sama'ila 3:7 ta ce a lokacin yaron bai riga ya san Ubangiji ba, ko da yake a ɗakin Ubangiji yake kwana. Sai a kira na uku Eli, firist ɗin da yaron yake hidima a hannunsa, ya gane Ubangiji ne mai kiran, kuma bai tsaya tsakaninsu ba: ya koya wa yaron 'yar gajeriyar amsa, ya sallame shi ya koma ya kwanta. In yarinyar ta fahimta tana kuma so, ki bar ta ta yi addu'a da kalmominta, ko da jimla biyu ce.

Baban Samari:

Malam, na yarda da kusan duk abin da ka faɗa, amma ka yi mini izini in ƙara wani gefe. A ikilisiyarmu ana yi wa jarirai baftisma, su girma su tabbatar da bangaskiyarsu a gaban jama'a, kuma na san masu bi na ƙwarai da ba za su iya nuna ranar da suka soma gaskatawa ba. Bulus bai ambaci irin wannan rana ga Timoti ba. Ya ce bangaskiyar ta fara zama a kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki, kuma tun yana ɗan ƙarami ya san Littattafai masu tsarki (2 Timoti 1:5 da 3:15). Yosiya, sarkin Yahuza, ya hau sarauta yana da shekara 8, sai a shekara ta takwas ta mulkinsa, wato yana da 16, 2 Tarihi 34:3 ta ce ya fara neman Allah. Cocin Katolika ma, tun umarnin Fafaroma Pius na 10 a 1910, tana ba yara Jibin Ubangiji na farko ne a wajen shekara 7, bisa ganin cewa a nan hankali ke fara rarrabewa. Ikilisiyoyi sun bambanta, don haka 'yar'uwa ta tuntuɓi fastonta a kan baftisma, kada ta haɗa ta da maganar wannan dare.

Abin da ya fi tasiri a gidana bai zo ta wa'azina ba. Wata rana na daka wa ɗana tsawa a kan kofin da ba shi ya fasa ba, da na gane sai na durƙusa daidai tsayinsa na roƙi gafararsa, muka roƙi ta Allah tare. Ya daɗe yana kallona, sannan ya tambaye ni ko ni ma ina yin zunubi. Maimaitawar Shari'a 6:7 ta ce a koya wa yara a zaune a gida, da tafe a hanya, da kwanciya da tashi, ni kuwa a bakin fasasshen kofi nawa darasin ya same ni.

Kakar Jikoki:

'Yata, gargaɗi ɗaya zan yi miki, domin ni na yi kuskuren. Idan ta yi addu'ar, kada ki mayar da ita bulala. Ɗana ya yi tasa yana da shekara 7, ni kuwa duk lokacin da ya yi laifi sai in ce masa, “Ashe haka wanda ya karɓi Yesu yake yi?” A hankali ya ɗauka cewa ceto lada ne na yaron kirki, alhali Afisawa 2:8-9 ta ce kyauta ce ta alheri. Ya yi shekaru ba ya taka majami'a, kuma har yau ina yi masa addu'a, ina tuna Monika, uwar da ta daɗe tana yi wa ɗanta addu'a, wadda ɗan nata Agustin, sanannen malamin ikilisiya na dā, bai karɓi baftisma ba sai a shekara ta 387 a Milan, yana da shekara 32. Zullumin da kika ce kin sha, maganinsa ki riƙa nuna mata abin da Yesu ya yi, ba ingancin addu'arta ba.

Uwar Biyu:

Na gode, Malam, Baba da Mama, Allah ya saka da alheri. Yau da yamma na zaunar da ita na tambaye ta dalilin mutuwar Yesu. Ta ce saboda mugayen mutane. Da na tambaye ta su wane ne mugayen, ta ambaci ƙanenta, ta yi shiru, can ta sunkuyar da kai ta ce ita ce ta yaga masa littafin zane a makon jiya ta ce ba ta sani ba. Ba mu yi wata addu'a ta musamman ba. Ta roƙi gafarar Yesu a kan littafin, ta je ta gaya wa ƙanenta gaskiya. Gobe za mu karanta labarin Zakka a Luka 19, ranar Lahadi kuma ni da mahaifinta za mu ga fasto.